Muryoyin Garin Tudu Sun Rasa Sunayensu

Zuwa ga yayana Isuhu na Maraɗi, a duk inda kake.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fatan wannan saƙo zai riske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk wanda ke ƙarƙashin kulawarka. Ni ne Nura na Fagge, ɗalibin nan da ba ka taɓa kira da sunansa ba, sai dai ka ce ɗan Kano.

Na rubuto a fili, inda kowa zai karanta, domin ba ni da wata hanya. Lambarka ta daɗe da daina shiga. Na tambayi mutanen Maraɗi da na Yamai da ke zuwa sari, kowa da irin amsarsa. Wani ya ce kana Dubai. Wani ya ce ya hange ka a tasha a Agadas. Wani dattijo ya ce ka bar fatauci ka koma gona, da na matsa masa da tambaya sai na gane wani Isuhun yake nufi.

Ni dai ina nan Guangzhou inda ka bar ni. Na gama karatu, na yi aure, ina yi wa mutanenmu tafinta da haɗa kaya. Lafiyata ƙalau. Amma kwanakin nan na kasa zama wuri ɗaya, kuma maganar kasetocinka ce ta jawo.

Ka tuna haɗuwarmu a kasuwar Canaan? Kana tsaye a gaban wani shagon riguna, mai shagon yana ta ce maka meyo, wato babu, kai kuma kana nuna masa rigar a rataye a bayansa kana zuba masa Faransanci. Na tsaya na shiga tsakani. Ashe abin da yake nufi shi ne babu ita a girman da kake so. Daga nan ka ja hannuna zuwa wurin Musulmin nan masu jan taliya da hannu, ka ce ba za a yi maka alheri a tafi da yunwa ba.

Sai da muka saba sosai sannan ka nuna mini jakar, a ɗakinka na unguwar Sanyuanli wanda tagarsa ke kallon bangon maƙwabta. Tsohuwar jakar fata ce cike da kasetoci, ko ɗaya babu rubutu a jikinsa. Ka ce tun kana saurayi kawunka ya dawo daga Libiya da rakoda. A lokacin kana raka Inna, mahaifiyarka, tallar man gyaɗa a ƙauyuka. Ita tana ciniki, kai kana bin gidaje kana ɗaukar muryoyin mata: waƙar daka, waƙar niƙa, ta raino, ta ranar suna. Yawancin matan sun riga mu gidan gaskiya, har da Inna. Kuma ba ka yarda ka bar jakar a gida ba, don sau ɗaya yara sun taɓa ɗaukar wasan ƙwallo a kan wani kaset.

Na tambaye ka me ya sa ba ka rubuta komai a kansu ba. Ka nuna kanka da yatsa ka ce duk suna nan.

Damshin garin nan ne ya tayar maka da hankali. Ka san lokacin da bango ke zufa, shanya ta kwana biyu ba ta bushe ba. Ka sa wani kaset, muryar matar ta fito tana ja kamar mai ciwon baki, da muka buɗe sai ga fumfuna ta yi fari a jikin zaren. Ranar ba ka je kasuwa ba. Kashegari ka sayo wata tsohuwar kwamfuta, ka ajiye ta a gabana ka ce in ceto maka su.

Haka muka mayar da Juma'a ranar aiki. Daga masallaci sai ɗakinka. In jona rakoda da kwamfuta, kaset yana juyawa, kai ka jingina da bango ka rufe ido. Da murya ta tashi sai ka faɗi sunan mai ita da garinta, wani lokaci har da sunan mijinta da abin da aka ci a gidan ranar. Akwai makauniyar da ka ce ta fi kowa murya a yankin. Akwai wadda ta ƙi yin waƙa sai da ka ɗebo mata ruwa a rijiya. Akwai wadda ta rera tata cikin fushi saboda mijinta ya sayar mata da akuya bai tambaye ta ba. In na yi kuskuren harafi sai ka leƙo ka ce, “Rubuta daidai, ɗan Kano. Mutum ce, ba kaya ba ce.”

Da farko a cikin manhajar da ke ɗaukar sautin nake rubuta sunayen. Da muka buɗe su a manhajar sauraro sai muka gan su a gutsure, kamar an bi su da almakashi. Ka ɓata rai. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a cikin manhajar sauraron na sake rubutawa cikakke, na cike gurbin mai waƙa da na gari, labaranka kuma na zuba su a gurbin sharhi. Allo ya cika da sunayen mata a jere. Ka daɗe kana kallo. Ka ce ba ka taɓa ganin sunan Inna a rubuce ba sai ranar.

Wata Juma'a muka jona kwamfutar da intanet, manhajar ta tafi da kanta ta nemo wa waƙoƙin suna. Waƙar rainon da Inna ta yi ta fito da hoton wani saurayi ɗan China mai gashi a tsaye, da sunansa a ƙasa. Ka yi dariya har da hawaye, ka ce Inna ta riga ka samun takardar zama. Na hana manhajar wannan shisshigin, na gyara, sunan Inna ya dawo kan allo.

A farkon shekarar wasannin Olympics na China ka sayi ƙaramar MP3 saboda doguwar hanyar Xintang, inda kake sarin wandunan jins. Muka zuba mata waƙoƙin. Muna cikin mota ka miƙo mini ita in duba. Babu sunan kowa. Wasu lamba ce kawai, wasu a gutsure kamar da, kuma duk inda akwai ƙ ko ɗ ta koma alamar tambaya ko harafin Sinanci. Har muka isa ba ka sa abin a kunne ba. Ko da lawban ɗinka, wato mai shagon da kake sari a wurinsa, ya tare ka da shayi, ban ga ka yi fara'ar da ka saba ba.

Na kwashe kwanaki ina bincike, ina tambayar abokan karatu. Abin da na gano na faɗa maka a lokacin, amma bari in maimaita, don yanzu ne yake da amfani.

Wuri biyu ake ajiye sunan waƙa. Ɗaya a cikin fayil ɗin kansa, wanda duk inda aka kai shi da sunansa zai tafi. Ɗayan a wata ma'ajiya da manhajar sauraro ta keɓe wa kanta a cikin kwamfuta, ita kuwa ba ta bin fayil ko'ina. Abin da muke gani a allo muna murna, daga wannan ma'ajiyar yake fitowa. Da na gaya maka sai ka ce to ai kamar kwalin kaya ne: akwai wanda aka rubuta wa sunan mai shi a jiki, akwai wanda mai sito ne kaɗai ya san na wane ne. Ka fi ni iya bayanin.

A cikin fayil ɗin ma gurbi biyu ne. Akwai tsoho a wutsiya, harafi talatin kacal yake ɗauka, kuma bai san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Shi ne ya gutsure sunayen farko. Akwai sabo a goshi, wanda ke ɗaukar duk abin da aka ba shi, amma in ba a bar masa fili tun farko ba sai an sake rubuta fayil ɗin gaba ɗaya. Shi ya sa manhajar ba ta gaggawa. Takan jira sai kwamfuta ta zauna ba aiki, sannan ta riƙa rubutawa kaɗan-kaɗan. Kai kuwa da mun gama sai ka kashe ta ka naɗe ta a leda saboda damshi. Ba ta taɓa samun wannan zaman ba.

Na samo yadda ake tilasta mata ta rubuta nan take, na fara. Kwamfutar tsohuwa ce, ta yi kaɗan ta ɗau zafi ta mutu, mu jira ta huce. Ba mu damu ba. Gani muke muna da lokaci.

Ana cikin haka maganar biza ta rikice. Wanda a da yake leƙawa Hong Kong ko Macau ya sabunta ya dawo, aka ce sai ya koma ƙasarsa. Ana tambayar fasfo a kan hanya da a masauki. Gari ya cika da tutoci da hotunan wasanni, mu kuwa in an haɗu gaisuwa ta koma yaushe taka za ta ƙare. Ni makaranta ta tsaya mini. Kai ba ka da wanda zai tsaya maka.

Makon ƙarshe ba ka zauna ba. Yau kana Xintang kana karɓar abin da aka gama ɗinkawa, gobe kana sito ana ɗaure diloli. Kwantena za ta tashi daga Nansha zuwa Kwatano. Ka cusa kwamfutar da jakar kaset a tsakiyar wata dilar jins, ka ce a jirgin sama nauyi zai yi yawa, kuma jins ya fi katifa kare kaya. Kafin a ɗaure na kwafi waƙoƙin duka a fayafayai. Na kwafi ma'ajiyar manhajar ita ma. Ka ce in riƙe maka amana, da an gama wasanni za ka dawo mu ƙarasa.

Na raka ka wurin motar filin jirgi da rana tsaka. Ka riƙe hannuna ka ce sheshe, wato na gode da Sinanci, da lafazinka na Maraɗi, muka yi dariya, ka shiga.

Ranar buɗe wasannin na kalla a wurin masu taliya. Teburin da mutanenku suke cikawa babu kowa a kai. Da na koma na zuba fayafayan a tawa kwamfutar. Muryoyin sun fito garau. Ma'ajiyar ce ta ƙi buɗuwa. Na kai wa waɗanda suka fi ni sani, su ma suka kasa. 'Yan kaɗan ɗin da na samu na tilasta wa manhajar ta rubuta, su ne kawai suka zo da cikakken suna. Sauran lamba ce da guntun rubutu. Waƙar Inna kuwa ta zo da hoton saurayin nan mai gashi a tsaye. Ashe shi manhajar ta samu sararin rubuta shi a ciki, gyarana ne bai shiga ba. Wannan dai na san mai ita, na gyara da hannuna.

Sau ɗaya ka kira ni, daga Kwatano. Ka ce kwantena ba ta fito daga tashar jiragen ruwa ba tukuna, ana ta kai da komo. Na fara gaya maka maganar sunayen, layin ya yanke. Shi ke nan jin da na yi maka.

Shekaru sun ja. Na haƙura, ko in ce na ɗauka na haƙura. Zainab, matata, ita ta fi ni sauraron waƙoƙin. Takan sa su in tana girki, ta ce suna rage mata kewar gida.

A Babbar Sallar da ta wuce muka gayyaci ɗalibai cin abinci. A cikinsu akwai Rakiya, 'yar ƙasarku, tana karatun likita a nan. Tana taya Zainab yanka albasa sai wata waƙar daka ta shigo. Ta ajiye wuƙar. Ta roƙa a mayar da ita farko, aka mayar, ta sake roƙo. Ta ce haka mahaifiyarta take rera wannan waƙar, da irin wannan karyewar muryar a ƙarshen baiti, kuma ba ta taɓa jin wani ya yi ta haka ba. Ta tambaye ni ko na san inda aka ɗauka.

Na buɗe fayil ɗin. Yana cikin na farko-farko, masu guntun rubutu a wutsiya. Ga abin da ke ciki, Yaya, harafi da harafi: “Wa?ar daka, Garin Tudu, muryar”. Nan gurbin ya cika.

Garin Tudu garin mahaifiyar Rakiya ne.

A take ta kira gida, ta kara wayar a jikin lasifika. Da waƙar ta ƙare sai muka ji kukan uwar. Ta ce muryar mahaifiyarta ce, Tambai, wadda ta rasu tun kafin a haifi Rakiya, ba ta bar ko hoto ba. Ranar babu wanda ya ci abincin kirki a gidana.

Bayan kwana biyu aka kunna wa yayar uwar, wadda ta fi daɗewa da Tambai a duniya. Ita kuma ta ce sam ba ita ba ce. Ta ce wata maƙwabciyarsu ce mai suna Ladi, wadda duk matan unguwar suke kwaikwayon salonta, kuma muryar mahaifiyarsu ta fi wannan siranta. Ƙanwar ta ce yayar ta manta uwarsu. Yayar ta ce ƙanwar ce ke son ta mayar da uwar wasu tata. Maganar da nake maka yanzu, Rakiya ta ce gaisuwa ma da ƙyar suke yi. Tsofaffi biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, gida yana kallon gida.

Rakiya takan kira ni ta ce ko na tuna wani abu. Ni na rubuta sunan da hannuna, ina zaune kusa da kai. Na rufe ido na ga ɗakin, na ga fankar, na gan ka jingine da bango, bakinka yana motsi. Sunan ne ba ya zuwa. Wata rana in ji kamar Tambai ka ce. Kashegari in rantse Ladi na ji. Na san yanzu kaina ƙirƙira yake yi, don tun da aka faɗa mini sunayen biyu ba ni da sauran amincewa da shi.

Na saurari waƙar har Zainab ta fara ɓoye mini abin sawa a kunne. Ina cikin tafinta a shago sai in ji amshin yana yawo a kaina, lawban yana magana ina kallon bakinsa. Nakan sauka daga jirgin ƙasa tun kafin tashata in ƙarasa da ƙafa, ban san dalili ba. Makon jiya na tsinci kaina a ƙofar tsohon gidanka na Sanyuanli. An yi masa fenti, wasu ne a ciki.

Ga roƙona. In kwantenar nan ta fito, in kwamfutar tana nan a ƙarƙashin gado ko a sito, don Allah kada ka bari mai gyara ya goge ta. Abu na farko da suke yi ke nan in an kai musu tsohuwar kwamfuta. Ko ta daina tashi, a ciro faifan ajiyar da ke cikinta a adana a wuri busasshe. Sunayen suna ciki, da labarin akuya da na rijiya da duk abin da ka faɗa. In kuma ta salwanta, ba komai. Ka kira ni kawai. In kunna maka, ka rufe ido ka faɗa, in rubuta. Wannan karon a goshin fayil zan sa, ina gani da idona ya shiga kafin mu wuce ta gaba.

Uwar Rakiya ta aiko a roƙe ni in rubuta Tambai a gurbin mai waƙa, ta ce hankalinta zai kwanta. Na so in yi mata. Na ɗora hannu a kan haruffan kwamfutar na ɗauke. In na rubuta, duk wayar da waƙar ta shiga da sunan za ta shiga, bayan 'yan shekaru babu mai tuna cewa zato ne. Na bar gurbin fayau. A gurbin sharhi na rubuta abin da ƙanwar ta ce da abin da yayar ta ce, na ƙara da cewa Isuhu ne ya sani.

Sannan na bi fayilolin kaf na rubuta a cikin kowanne cewa Isuhu na Maraɗi, ɗan mai man gyaɗa, shi ya ɗauki wannan murya, kuma Nura na Guangzhou yana nemansa. Na gwada a waya, na gwada a MP3, na gwada a kwamfutar wani, rubutun yana nan bai motsa ba. Duk ɗan kasuwar da zai koma wajenku ina ba shi memori in ce ya raba wa wanda ya so. Rakiya ma za ta tafi da nata in an yi hutu, ta kunna wa tsofaffin Garin Tudu, ko akwai wadda ta rage da za ta raba gardamar. Wataƙila wata rana kana zaune a tasha ko a bakin shago, wani ya kunna waƙar daka a wayarsa, ka karɓa ka duba, ka ga sunanka.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa Rakiya ba tukuna. A ƙarshen waƙar da ake rigima a kanta, bayan taɓarya ta tsaya, in aka ƙure sauti ana jin muryar wani saurayi can ƙasa-ƙasa. Kai ne, Yaya, tun muryarka ba ta gama buɗewa ba. Ranar da na fara ji na miƙe tsaye, na ce yau za ka kira sunanta. Sai na ji ka ce, “Allah shi biya, Iya.” Ta amsa da dariya, kaset ya ƙare. Ladabin da aka koya maka ka yi, ba ka kira babba da sunanta ba. Na zauna ina dariya ni kaɗai, daga baya na ga fuskata ta jiƙe. Na yi kewarka ƙwarai.

Allah Ya sa kana raye cikin rufin asiri. In kana cikin ƙunci Allah Ya yaye maka, in kana kan hanya Allah Ya kai ka gida lafiya. Allah Ya jiƙan Inna, Ya jiƙan Tambai da Ladi da duk matan da ke cikin jakar nan, waɗanda na san sunansu da waɗanda Shi kaɗai Ya sani. Allah Ya daidaita tsakanin tsofaffin nan biyu tun suna da rai. Ya kuma haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Zainab tana gaishe ka, ko da ba ta taɓa ganinka ba.

Ƙaninka har kullum,
Nura, ɗan Kano.